Ɓarawon da Bai San Ya Yi Sata Ba

Tsibiri gari ne a ƙasar Maradun, cikin Jihar Zamfara, mutanensa kuwa, kamar maƙwabtansu na Bakura da Talata Mafara, da noma suka dogara. In damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, dawa ta yi nauyi, shinkafar fadama ta soma nuna, to, a sa'an nan ne barcin manomi ya ke raguwa. Tun da jijjifi, kafin a gane fuskar mutum, za a ga yara sun nufi gona, wani da gwangwani, wani da majajjawa, wani da danƙo rataye a wuya. Su kan ɗaura igiya daga wannan gefen gona zuwa wancan, su rataya mata tsummoki da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki, sa'an nan yaro ya hau wata 'yar rumfa da aka kafa bisa itace huɗu, ya yi ta jan igiya yana ihu har rana ta faɗi. Abin da su ke tsaro kuwa wani ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, ana ce da shi jan-baki.

Wanda bai taɓa ganin jan-baki ya taso ba, da wuya ya gane abin da ya sa magidanci mai iyali ya ke tsoron tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 20 ba. Su kan taso kamar hadari, su yi duhu a sama, su karkata nan su karkata can sai ka ce hayaƙi, kana su zuba cikin gona gaba ɗaya. Masana sun ce duk duniya babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa, har an ƙiyasta akwai wajen miliyan 1,500 a Afirka. An kuma ƙiyasta abin da guda ɗaya ya ke ci da wanda ya ke zubarwa ƙasa ya kan kai giram 10 a yini. Giram 10 ba wani abin a zo a gani ba ne, amma in tsuntsu miliyan ɗaya suka taru ya zama tan 10, watau buhu 100 masu cin kilo ɗari-ɗari, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mutumin da ya yi sharar gona tun bazara, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, watakila ma ya ci bashin taki, yana iya tafiya sallar Juma'a ya komo ya tarar da zangarniya tsaye babu ƙwaya. A shekarun nan kuwa, da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa na wannan yanki zuwa gonakinsu na nesa, 'yar gonar bakin gari ita ce abincin shekara duka.

In hatsi ya tsira daga tsuntsu ya shiga rumbu, ga ɓera yana jira, wanda Zamfarawa su ke ce wa kusu. Gafiya ta kan kwashi gyaɗa a kumatu ta kai rami. Kurege ya kan tone abin da aka shuka, kurciya da fakara su bi sahu suna tsince iri. Saboda haka farautar ƙananan dabbobi da tsuntsaye ba baƙon abu ba ne a karkara. Yaro ya kan koyi ɗana tarko tun kafin ya koyi riƙon fartanya, samari kuma, in an gama kaka, su kan fita da karnuka da kulake da kere su kewaye daji.

Duk wannan sananne ne. Amma akwai wata tambaya a ƙarƙashinsa wadda ba a cika tsayawa a yi ba, gama mai yunwa ba shi da lokacin dogon tunani. Waɗannan halittu ba su yi wa kowa alkawari ba balle su saɓa. Tsuntsu bai san iyakar gona ba, bai san an ci bashin taki ba. Ya ga abinci ya ci, kamar yadda aka halicce shi ya yi. To, da wane haƙƙi ne ɗan Adam zai kashe shi? In kuwa yana da haƙƙin, ina ne iyakarsa?

A kan ji manomi, cikin ɓacin rai, ya je wurin malamin garinsu ya ce, “Allah gafarta Malam, tsuntsun da ya cinye abincin 'ya'yana, ashe ba azzalumi ba ne?” Malamin da ya san abin da ya ke yi ya kan amsa masa da cewa, “Ɓarna dai ya yi maka, Malam, Allah ya mayar da alheri. Amma zalunci sai mai hankali.” Wannan 'yar amsa ta fi yadda a ke tsammani nauyi. Ɓarawon da ya haura katanga ya san abin da ya ɗauka ba nasa ba ne, ya kuwa zaɓi ya ɗauka, shi ya sa alƙali ya ke hukunta shi. Tsuntsu da ɓera ba su da wannan zaɓi, saboda haka babu laifi a kansu, inda babu laifi kuwa babu hukunci. Abin da ya rage wa manomi shi ne tsare abin da ke nasa. Hukunci da tsaro kuwa, ko da ya ke duka biyu su kan ƙare da mutuwar tsuntsu, ba hanyarsu ɗaya ba. Mai tsaro idonsa yana kan hatsinsa: in ihu ya isa ba ya jifa, in jifa ta isa ba ya neman guba, ran da hatsi ya shiga rumbu kuma ya ajiye majajjawarsa. Mai ramuwa idonsa yana kan tsuntsu, ba shi kuwa da ranar ajiyewa, gama haushi ba ya ƙoshi. Kusan dukan ɓatan da a ke yi cikin wannan al'amari daga nan ya ke tasowa, watau mutum ya fita da niyyar tsaro, a hanya zuciya ta ɗebe shi ya koma mai ramuwa.

Malaman musulunci sun daɗe da duba wannan magana, ba su kuwa raina ta don ƙanƙantar halittun ba. A cikin Suratul An'am an nuna cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mutane. Duk da haka ya zo cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa akwai abubuwa biyar masu cuta waɗanda aka yarda a kashe ko da a Harami ne, inda aka hana farauta: hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo. Ashe kawar da mai cuta ba abin zargi ba ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kowane almajirin zaure a ƙasar Hausa ya ke bi ta kansa, ya raba farauta gida biyu: wadda a ke yi don bukata ta halatta, wadda a ke yi don wasa kawai abin ƙi ce. Har tururuwa sai da ya yi maganarta, ya nuna babu laifi a kashe ta in ta cuta kuma ba a sami yadda za a rabu da ita ba, amma barinta ya fi. Ya kuma ƙi a kashe ko da ƙwarƙwata ce da wuta. A wani hadisi an hana a kafa abu mai rai a riƙa koyon harbi da shi. A wani kuma an ba da labarin wani annabi daga cikin annabawa wanda tururuwa guda ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, aka yi masa faɗa a kan hallaka al'umma saboda guda ɗaya. Wanda ya dubi waɗannan gaba ɗaya zai ga an buɗe ƙofa, amma an tsai da mai gadi a bakinta, yana tambayar duk mai shiga abu uku: me ya sa za ka kashe, da me za ka kashe, nawa kuma za ka kashe?

Akwai mutane, galibi mazauna birni, waɗanda tausayi ya kan sa su ce kada a kashe kome ko kaɗan. Zuciyarsu ta yi kyau, amma lissafinsu bai cika ba. Tuwon da su ke ci da dare, wani ne ya tsare musu shi da majajjawa a fadamar Bakura. Sun tsira daga ganin jini ne kawai don wani ya gani a madadinsu. Sun kuma manta da yaron nan na bisa rumfa. Makonnin da ya ke yi yana korar tsuntsu, makonni ne da ba ya zuwa makaranta, sa'an nan ga rana, ga ƙishirwa, ga maƙogwaro ya dushe. Tausayin da ya ga tsuntsu bai ga yaro ba, ido ɗaya gare shi. Game da ɓera kuwa maganar ta wuce ta abinci. A 1969 aka fara gane zazzaɓin nan da a ke kira Lassa, a garin Lassa wanda ke cikin Jihar Borno a yau, daga baya aka tabbata wani irin ɓera mai yawan nonuwa ne ya ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zuba ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abincin da aka bari a buɗe. Magidancin da ya ga ɓera yana yawo cikin garin tuwon iyalinsa ya ƙyale shi don tausayi, ya tauye haƙƙin waɗanda aka ba shi amanarsu.

Amma masu irin wannan ra'ayi kaɗan ne a karkara. Waɗanda suka fi yawa su ne masu cewa, da za a sami hanya, a shafe jan-baki da ɓera daga doron ƙasa a huta. Waɗannan ya kamata su ji labarin ƙasar Sin, gama can an gwada. A 1958 gwamnatin Mao ta yi shelar yaƙi da abubuwa huɗu: ɓera, da ƙuda, da sauro, da wani ɗan tsuntsu irin gwara mai cin hatsi. Mutanen gari duka, yara da manya, suka fito da tukwane da kwanoni da ganguna, suka yi ta bugu ba hutawa, har tsuntsayen suka rasa inda za su sauka, suka riƙa faɗowa matattu don gajiya. Aka farfasa ƙwai, aka rushe sheƙa, aka kashe miliyoyi. Sai daga baya aka lura cewa tsuntsun nan, ban da hatsi, yana cin fara da tsutsa, da su ne ma ya ke ciyad da 'ya'yansa. Da ya ragu sai ƙwari suka sami sarari. A 1960 aka cire sunansa daga cikin huɗun aka sa kuɗin-cizo a maimakonsa, amma a lokacin ƙasar ta riga ta shiga babbar yunwar nan ta 1959 zuwa 1961 wadda ta ci mutane miliyoyi masu yawa. Gaskiya ne yunwar tana da dalilai da suka fi wannan girma, amma kashe tsuntsayen ya ƙara mata ƙarfi. Garin neman gira aka rasa ido.

Game da jan-baki kansa ma an yi bincike, a nan Nijeriya kuwa aka yi shi. Wani Baturen Ingila masanin tsuntsaye, Peter Ward, ya zauna a wajen Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 yana duba abin da ke cikin maƙoƙon tsuntsayen nan wata bayan wata, ya buga abin da ya gano a 1965. Ya tarar ainihin abincinsu ƙwayar ciyawar daji ce, ita suka fi so, hatsin gona kaɗan ne cikin abin da su ke ci a shekara. Ya kuma lura da wani abu mai ban mamaki. In ruwan fari ya sauka, ƙwayar ciyawar da ke zube a ƙasa ta kan tsiro gaba ɗaya, abincinsu ya ɓace cikin 'yan kwanaki, sai su yi ƙaura, masu yawa kuma yunwa ta kashe su. Watau kowace shekara akwai adadin da abincin daji zai iya ɗauka, abin da ya haura wannan zai mutu ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Wanda ya kashe miliyan ɗaya da rani, sau da yawa waɗanda yunwa za ta kashe ne ya riga ta, ya kuma rage wa sauran abokan cin abinci. Shi ya sa ƙasashen Afirka suka yi shekaru fiye da sittin suna hallaka miliyoyin jan-baki da guba da nakiya, har yau kuwa shi ne tsuntsun da ya fi kowane yawa. Daga bisani masana suka koma ga shawarar cewa a bar zancen ƙarar da shi, a fuskanci taron da ya ke dab da gonar da ta nuna kaɗai. Abin lura a nan shi ne, Bature da ma'auninsa ya zo ya tsaya daidai inda mai Risala ya tsaya tun shekara dubu da suka wuce.

In kuma aka mai da kisa hanyar samun kuɗi, wani abu dabam ya kan faru. A 1902 Faransawa masu mulkin birnin Hanoi, a ƙasar Biyetnam, suka ce duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera za a biya shi. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa dubu-dubu. Ba a jima ba sai aka soma ganin ɓeraye gundul-gundul suna yawo cikin gari, ashe mutane yanke wutsiyar su ke yi su saki ɓeran ya je ya haihu. Har aka kama waɗansu suna kiwonsu.

Yanzu sai a juyo ga wata tambaya wadda ba ta da daɗin ji: wa ya kira su? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dā, in an gama kaka ƙasa ta kan bushe, tsuntsu ya koma ga ciyawarsa. A 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka ja magudanai zuwa filayen Talata Mafara da Bakura da Maradun, don a shayar da hekta wajen 23,000. Mutanen wurin sun biya wannan aiki da tsada, gama an tashi garuruwa, an rasa gonaki, har aka zub da jinin manoma a watan Afrilu na 1980 sa'ad da suka tsaya neman diyyarsu. Amfanin da aka samu shi ne noman rani. Amma shinkafar da ta nuna a tsakiyar rani, ga ruwa kusa, alhali daji duka ya bushe, ai kamar an shimfiɗa tabarma ne an ajiye akushi an ce bismilla. A kwarin Haɗeja da Nguru an ga irin wannan ƙarara: bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sāke, ciyawar kacala ta cika fadamu, ta zama wa jan-baki makwanci wanda mutum ba ya iya shiga. Ba wanda zai ce kada a yi noman rani. Amma wanda ya san shi ya shimfiɗa tabarmar, ya kamata haushinsa ya ragu, dabararsa ta ƙaru. In maƙwabta suka haɗa kai suka yi shuka lokaci guda, ɓarnar ta kan rabu a kan kowa kaɗan-kaɗan, maimakon ta taru a kan wanda ya riga ko wanda ya makara. In an yi girbi da zarar hatsi ya nuna, an share ciyawar da ke cikin shinkafa wadda ita ce ta ke fara jawo tsuntsu, an sare kacalar magudanai, an ɗaga rumbu bisa duwatsu an toshe kafofinsa, to, an rage abin da zai sa a kai ga kisa.

Akwai kuma ma'aikatan da Allah ya ba manomi kyauta, shi kuwa ya ke korarsu. Mujiya ba ta da farin jini a ƙasar Hausa, in ta yi kuka bisa gida a kan ce mugun abu ne, yara su bi ta da duwatsu. Alhali kuwa mujiya biyu da 'ya'yansu su kan cinye ɓeraye dubbai a shekara, har a waɗansu ƙasashe, irin su Malesiya da Isra'ila da Jodan, manoma su ke kafa mata akwatuna cikin gona don ta zauna. Shaho, da tunku, da muzurun daji, da macizai da yawa, duk ɓera su ke ci. Garin da ya kashe waɗannan duka sa'an nan ya zo yana kukan kusu ya yi yawa, da wa zai yi faɗa? Ita gafiya ma da a ke ganin ba ta da wani amfani sai a gasa, a garin Morogoro na Tanzaniya wata ƙungiya mai suna APOPO tana koya wa 'yar'uwarta shinshino nakiyar da aka binne lokacin yaƙi, da kuma gane cutar tarin fuka a cikin majina. An yi aiki da su a Mozambik da Kambodiya. Rashin sanin amfanin abu ba ya zama shaidar cewa ba shi da amfani.

Maganar abin da a ke kisa da shi ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin a nan ne mutumin kirki ya kan yi ɓarnar da ta fi ta ɓera. A ɗauki wuta. Samari su kan cinna wa daji wuta da rani don su fid da gafiya ko zomo. In sun yi sa'a su sami biyar ko shida. Wutar kuwa ba ta san gafiya ba: ta cinye ciyawar da shanun Fulani za su ci, ta cinye gambar da za a yi zana da jinka, ta ƙone ƙananan itatuwa da bushiya da kunkuru da ƙwan zabi, ta bar ƙasa tsirara iska ta kwashe. In iskar hunturu ta juya kuma, sai a ji ta faɗa wa damman wani da bai kwashe ba, ko rumbunan bayan gari. Nan an haɗa abu biyu da aka hana, azaba da wuta da hallaka al'umma don guda ɗaya, an kuma ƙara na uku, watau cutar maƙwabci. Wannan ba shi da wani uzuri, ko na yunwa, gama naman gafiya shida bai kai kuɗin dami ɗaya ba.

Guba ita ma makauniya ce. Wanda ya barbaɗa maganin ɓera a tsakar gida, kaza ta kan ci, kyanwa ta ci ɓeran da ya ci, wani lokaci ma yaro mai rarrafe ya kai hannu. Gwamnati kuwa, in jan-baki ya yi yawa a jihohin arewa, ta kan aiko da jirgin sama ya yi feshi da magariba a inda su ke kwana, da wata guba mai suna fenthion. Manomin da ya ga jirgi ya kan yi murna, ba a kuwa ga laifinsa ba. Amma feshin ya kan sauka a kan duk tsuntsun da ke wurin, shaho da shirwa da suka ci gawar su ma su kan mutu, da safe kuma yara su kan zo da buhu su tsince matattun a kai gida ko kasuwa. Wannan nama mushe ne a shari'a, guba ne kuma a ciki. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin abin da mutuwar tsuntsu ta ke nufi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane sun lura agwagi suna ɓacewa, ba wanda ya kula. Bayan 'yan watanni yara suka soma mutuwa, har fiye da 400, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Ba gubar feshi ba ce waccan, amma ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya mutum da tsuntsu su ke amfani da su, abin da ya kayar da ƙaramin kuwa yana kan hanyarsa zuwa ga babban.

Tarko da raga sun fi waɗannan kusa da adalci, domin suna da ido, watau mai su yana iya duba abin da ya kama, ya saki wanda ba shi ya ke nema ba. A ƙasar Chadi akwai mutanen da a ke kira Hajarai, waɗanda su ke kama jan-baki da raga da dare a makwancinsa, su fige, su soya, su shanya, su kai kasuwar Njamena, miliyoyi a shekara. Hatsin da tsuntsu ya ci ya komo wa mutane ta hanyar nama ke nan. Sai dai mai tarko yana da nasa sharaɗi: ya riƙa zagaya shi safe da yamma. Dabbar da ta kwana biyu da karyayyar ƙafa cikin tarko, tana jiran mai shi ya tuna da ita, an ɗora mata wahalar da ba ta tsare wa kowa ko ƙwaya ɗaya ba.

Shi kuwa yaro mai danƙo, ba a ce a karɓe masa ba. Da shi ya ke tsaron gona, da shi kuma ya ke samun ɗan naman da ba kullum a ke gani a tukunyar gidansu ba. Abin da uba zai duba shi ne inda ya ke auna shi. In ya harbo kurciyar da ke tsince iri, ya yi maza ya yanka ta da sauran ranta, ya gasa ya ci, ya yi farauta. In kuwa ya harbo balbela ko ƙadangare don kawai ya nuna wa abokansa ya iya saiti, ya bar shi nan yana shure-shure, to, wani hali ne ya ke koyo, halin kuwa ba a kan tsuntsu zai tsaya ba. Tambaya ɗaya ta isa: “Kai, me ta ci maka?” Yaron da ya saba jin wannan daga bakin ubansa, wata rana shi zai yi wa kansa ita.

Saura wuri guda mai wuya, wanda ba a warware shi da sauƙi. Da damina jan-baki ya kan taru cikin sarƙaƙiyar ƙaya ya yi sheƙa dubu bisa dubu, kowace mace ta saka ƙwai kamar uku, cikin kwana goma ko sha biyu su ƙyanƙyashe. A wannan lokaci fara da tsutsa iyayen su ke ɗebo wa 'ya'yan, watau a 'yan makonnin nan ma'aikatan manomi ne. Amma in 'ya'yan suka yi fiffike, iyayen su kan tashi su bar su, su kuwa sababbin tashi, da ba su san daji ba, sai su faɗa wa gonar da ta fi kusa, daidai lokacin da gero ya ke nuna. Saboda haka babu lokacin da ya fi sauƙin maganinsu kamar suna cikin sheƙa, a wurare da yawa na Afirka kuwa mutane su kan shiga su kwashe su kwando-kwando su ci. Ga kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa waɗansu sahabbai a kan tafiya sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu, uwar ta zo tana ta shawagi a kansu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su su mayar mata. Wanda ya taɓa jin wannan, hannunsa zai yi nauyi a bakin sheƙa.

Sahabban nan dai ba gonarsu a ke shirin ci ba, tsuntsuwar ba ta tsare musu kome ba. Mutanen garin da sarƙaƙiyar ta ke bayan gonakinsu, gero kuma saura mako uku a yanka, halinsu dabam ne, in sun shiga sun kwashe, suka yanka da sauri suka ci, ba za a ce sun ƙetare iyaka ba. Abin da ba shi da hujja shi ne a kashe iyayen da feshi a bar 'ya'yan su mutu da yunwa cikin sheƙa, ko a sa wa ƙayar wuta, ko kuwa a yi tafiyar yini guda zuwa wata sarƙaƙiyar da babu gonar kowa kusa da ita. Saboda haka in labari ya zo ƙofar Sarkin Noma cewa jan-baki ya yi sheƙa, kafin a ce samari su ɗauko kwanduna, sai a tura mutum biyu masu hankali su je su gano nisan wurin daga gonaki, su duba ko ƙwai ne ko 'ya'ya, sa'an nan su biyo ta cikin gero su murza zangarniya su ga kwana nawa ya rage.